Littattafan da Malam Bunu Ya Farke

Shekara tara Malam Bunu ya yi yana buɗe ɗakin karatu na bakin kasuwar kifi a Haɗeja, kuma a duk shekarun nan ofis bai taɓa kiransa ma'aikaci ba. A takardarsu, sunansa na layi ɗaya da na mai ɗebo ruwa da mai yankan ciyawa. Sule ɗaya da sisi ake ba shi, ranar da ya buɗe ƙofa. Ran Juma'a babu, ran Salla babu, ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi babu. Fansho kuwa a bakin wasu yake jin sunansa.

Aikin da aka ɗauke shi ya yi ba shi da yawa. Ya share, ya shimfiɗa jarida a kan tebur, ya tsare kabad. Tun ranar farko aka ja masa kunne cewa duk littafin da ya ɓace a wuyansa yake. Saboda wannan doka, takwarorinsa na sauran garuruwa sukan danna wa kabad kwaɗo, su jefa mabuɗi a aljihu, su nemi inuwa. Littafi na ciki, mai karatu na waje, kowa ya kwana lafiya.

Malam Bunu bai iya wannan zaman ba. Shi jikan malamai ne. Kakansa ya taso daga wajen Kukawa da jaki biyu, ɗaya na kaya ɗaya na littattafai, kuma a gidansu littafi ba a ɗinke yake ba. Falle-falle ne a cikin fata. Mai neman karatu ya zo a zare masa falle goma, ya je ya karanta, ya dawo da su a ba shi na gaba. Littafi ɗaya sai ya ciyar da mutum bakwai a lokaci guda.

Da aka buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci, masunta da manoma suka fara haɗa baƙi, sai ɗakin ya riƙa cika ran kasuwa. Littattafan Turanci sun fi ɗari, ba mai taɓa su. Na Hausa talatin da biyu ne kacal, a kansu ake rububi. Mutum ya taso daga Kafin Hausa ko Kaugama, a ce masa wani ya riga shi, ya juya yana kallon ƙasa. Malam Bunu ya ga haka sau ɗaya, sau biyu, sau goma. Ran nan ya zaro askarsa, ya yi bisimilla, ya yanke zaren littafi guda.

Kowane littafi ya kasa shi kashi biyar ko shida. A ƙasan shafin ƙarshe na kowane kashi ya rubuta kalmar da kashi na gaba ya fara da ita, yadda ake yi a gidansu, don kada jeri ya rikice. Wani baduku abokinsa ya yanka masa guntayen fata na naɗi. Waɗanda ba su fita aro ba ya zuba su a gafaka, ya rataye a azara, inda gara da danshi ba sa kaiwa.

Ana cikin haka yanar ido ta kama shi. Da fari yana ganin baƙi kamar tururuwa, daga baya tururuwar ma ta ɓace. Da ofis ya sani da an sallame shi a ranar, domin mai aikin yini ba a ba shi hutun jinya. Abin da ya rufa asirin shi ne 'yarsa Yakaka.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa ba ya faɗar sunan, sai dai ya ce Uwata. Ta yi makarantar 'yan mata a Kano, ta dawo da takardar shaida a ƙasan akwati da kai a sama. Mahaifiyarta ta rasu tana aji biyu. Ba wa, ba ƙane. Kullum da safe takan riƙo hannun uban har ɗakin karatu, ta zaunar da shi a kujerarsa, ita kuma ta koma bayan wata asabari da suka rataya a lungu. Mai aro ya faɗi abin da yake so, Malam Bunu ya maimaita da ƙarfi, hannu ya miƙo daga bayan asabari. Shekara biyu suna haka. Duk kasuwa ta sani, ba wanda ya kai magana ofis.

Farkon damina sai ga takarda. Yakaka ta karanta wa uban sau biyu. Za a mai da aikin ɗakin karatu na dindindin: albashin wata, hutu, fansho, da kwas na wata uku. Mai so ya rubuta, amma sai wanda ya yi makaranta. Mai duba aiki zai zo bayan ruwa ya janye, ya gwada masu nema, ya duba kabad.

Malam Bunu ya shafa kujerar da yake kai. Can ya ce, "Ashe dai kujerar tana da ƙafa huɗu. Shekara tara a kan uku na zauna."

"Zan rubuta, Baba."

"Mace, Uwata?"

"Na duba takardar sama da ƙasa. Ba su ce namiji ba."

"Ba su ce jaki kada ya nema ba ma."

"To ni dai ba jaka ba ce, kuma na fi duk wanda zai nema sanin ɗakin nan."

Ta rubuta a ranar, da hannunta mai kyau na makaranta. Ta san abin da ke gabanta. In ta samu, ubanta zai zauna a gida da mutuncinsa, tukunya na tafasa. In ba ta samu ba, wanda ya samu zai karɓi mabuɗi, su biyun su koma gida hannu rabbana.

A watan takwas kogi ya fasa. Da hantsi aka ga ruwa ya cika kwarin bayan kasuwa, kafin azahar ya shiga rumfuna. Haladu ne ya zo ya ɗauke su a kwalekwalensa. Tsohon masunci ne, ƙanen kakar Yakaka ta wajen uwa, bakinsa ba ya hutawa.

"Shigo, amarya," ya ce. "Yau dai boko ya zo neman alfarma wurin jahili."

"Tuƙa, tsohon miji. Jirgin naka ma ya fi ka haƙora."

Da suka tura ƙofar ɗakin, ruwa ya kai cinya. Jaridu na yawo. Kabad ya sha ruwa har hawa biyu, littattafan Turanci sun kumbura kamar gurasa. Yakaka ta ɗaga kai. Gafaka shida na lilo a azara, a bushe.

Malam Bunu na zaune a cikin jirgi a bakin ƙofa, ya miƙa wuya. "Gafakokin fa?"

"Ko ɗigo, Baba."

Ya yi dariya har da tafi. "Allah Ya ji ƙan kakana! Ka ji, Haladu? Ko ɗigo!"

Yakaka ba ta yi dariya ba. Tana tsaye a cikin ruwa, idonta a kan allon dokoki da aka kafa a bango, wanda uban ya daɗe bai gani ba. Doka ta huɗu: ba a yaga littafi, ba a farke shi, ba a rubutu a cikinsa. Duk sun yi, sau talatin da biyu. Kuma fiye da rabin kashin suna waje, a ƙauyukan da ruwa ya raba da gari.

Kwana goma ta yi tana shanya na Turanci a kan zana, tana buɗe su shafi-shafi da tsinke. Da ta gama ta ce wa uban za ta bi ƙauyuka ta tattaro na aro, ta ɗinke su kafin mai duba aiki ya iso.

"Ɗinki ba ya ɓoye tabo, Uwata."

"Ya fi a same su a warwatse."

Haladu ya yi mita, ya ce lokacin kamun kifi ne, ya ce amaren yanzu sun cika wahalar da miji. Washegari da sassafe yana bakin ruwa da gorar tuƙi da ƙullin gari.

Fadama ta zama teku. Inda aka san hanya, sai kan dawa ake gani yana leƙe. Suka ratsa ciyawar kacalla da ta fi mutum tsawo, inda jirgi ya ƙi wucewa suka sauka suka ja shi, laka har gwiwa. Matsattsaku suka kama ƙafafun Yakaka, Haladu ya cire su da garin taba. Ran na huɗu zazzaɓi ya rufe ta. Ta kwanta a cikin jirgi da gafaka a ƙirji, haƙoranta na kaɗawa.

"Mu juya," in ji Haladu, wannan karon ba wasa a muryarsa.

"In ka juya, zan sauka in tafi a ƙasa."

"Wace ƙasa? Kin ga ƙasa a nan?"

"To tuƙa."

Ba wanda ya yar da nasa kashin. Wani manomi da ruwa ya cinye masa bukka ya ciro nasa daga cikin tukunyar shinkafa da ya ɗora a reshen tsamiya. Wata mata ta kwance nata daga ƙullin zane, ta ce na mijinta ne amma ita ma ta fara gane baƙaƙen. A wani tungan masunta wani dattijo ya ƙi bayarwa, ya ce saura masa falle huɗu, kuma shi falle ɗaya kwana biyu yake ɗaukarsa. Yakaka ta zauna a kan turmi ta karanta masa, tungan duka suka kewaye ta, har mai bandar kifi ta bar wutarta ta mutu.

Kwana goma sha shida suka yi. Sun samo duka, sai ɗaya. Akwai wani littafi da aka fi so, labarin mutumin da ya bi kogi don ya ga inda ya ƙare. Kashi na uku yana hannun wani masunci mai suna Ya'u, na wajen Baturiya. Da suka isa aka ce ya bi kifi gabas, ba a san ranar dawowarsa ba. Suka jira kwana biyu. Haladu ya dube ta, ta dubi ruwa, suka juyo.

A gida ta ari allurar baduku ta zauna ɗinki. Uban na gefe, tana miƙa masa kowane kashi ya shafa ya sansana.

"Wannan ya kwana gidan mai banda," sai ya ce. "Wannan kuma mai shi yana cin goro." Ya ɗaga wani. "Wannan an karanta shi da yawu, ji yadda gefen ya yi laushi."

Da ta gama ta jera su a kabad. Ba su yi kama da littattafan ofis ba. Sun yi kauri, kowane kashi da launinsa, wani ja wani baƙi, kamar zanen da aka haɗa da ƙyallaye. Ta rufe kabad ta jingina goshinta da shi.

Mai duba aiki ya sauka daga jirgin ƙasa a Malam Madori, ya ƙaraso a bayan wata motar gyaɗa. Sunansa Malam Abdulwahid, mutum mai sanyin murya da alƙalami biyu a aljihu. Masu nema uku ne: samari biyu, sai Yakaka. Ta naɗe asabarin nan ta ajiye, ta tsaya a fili da mayafinta. Samarin suka dubi juna suna murmushi.

Ya ba su Turanci su karanta. Na farko ya yi tuntuɓe sau biyar, na biyu mai suna Inuwa ya wuce da ƙyar. Yakaka ta karanta kamar mai zuba ruwa a randa. Ya zube musu katin sunayen littattafai ya ce su jera, ta gama ta naɗe hannu tun samarin suna neman farko. Ya tambayi yadda ake ceton littafin da ya jiƙe, ta nuna masa waɗanda ta shanya. Malam Abdulwahid ya gyaɗa kai, ya yi rubutu mai tsawo. Malam Bunu na kujerarsa yana jin ƙarar alƙalamin, leɓensa na motsi.

Sannan aka buɗe kabad.

Ya zaro ɗaya daga cikin na Hausa. Ya juya shi, ya duba ɗinkin, ya kai hanci. Ya zaro na biyu, na uku. Ya buɗe labarin mai bin kogi, ya ga shafi na arba'in ya faɗa kan na sittin da ɗaya. Ya ce wa samarin su jira a waje.

"Malam Bunu, me ya sami littattafan nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ni na farke su. Mutane sun yi yawa, littafi ya yi kaɗan. Yarinyar nan ba ruwanta."

Malam Abdulwahid ya buɗe wani shafi, ya nuna wa Yakaka ƙasansa da ɗan yatsa. Kalmar jeri ce, da hannu mai kyau na makaranta. Ya buɗe wani, ya sake nunawa. Ya rufe.

Ya zauna a bakin tebur ya cire hularsa. "Malama, ki saurare ni. Na zaga ɗakin karatu goma sha huɗu. Ban ga inda aka karanta littafi kamar nan ba, kuma ban ga mai nema kamarki ba. Amma takardata za ta wuce hannun mutanen da ba su taɓa ganin kogin nan ba. Su abin da za su gani, an lalata kayan gwamnati guda talatin da biyu. Sai an sami mai laifi."

"An samu," in ji Malam Bunu. "Ga ni."

"Kin ji," in ji Malam Abdulwahid. "Tsoho dai zai ajiye aiki, ko ta yaya, ido ya tafi, na gani tun shigowata. Ba fansho gare shi ba balle a hana shi." Ya ɗauki takarda ya yi rubutu, ya tura gabanta. "Wannan hannun na ƙasan shafi, ban gan shi ba. Ki sa hannu a nan, ni kuma in rubuta ke na zaɓa."

Yakaka ta karanta. Layi uku ne. Ni Yakaka na shaida cewa Malam Bunu, mai gadin ɗakin karatu, shi kaɗai ya ɓarnatar da littattafan nan saboda rashin sani, ba da sanina ba.

Ta karanta sau biyu. Mai gadi. Rashin sani.

"Me aka rubuta, Uwata?"

Malam Abdulwahid ya karanta masa a hankali. Fuskar tsohon ta motsa kaɗan, sannan ta tsaya.

"Daidai ne," ya ce. "Sa hannu."

"Baba."

"Na ce ki sa hannu. Sunana ba ya dafa tuwo. Su rubuta mai gadi, su rubuta jahili, su rubuta abin da suka so, ni ba gani zan yi ba."

Ta ɗauki alƙalamin. Ta tuna laka da matsattsaku, ta tuna rumbunsu da ya kusa ƙarewa, ta tuna wasiƙar da ta rubuta da farkon damina. Ta dubi uban, ya juyo da fuskarsa wajen da yake zaton tana tsaye, ya ɗan kuskure, yana fuskantar bango. Ta ajiye alƙalamin a kan takardar.

"Ranka ya daɗe, ashirin da ɗaya shi ya farke. Goma sha ɗaya ni na farke, da hannun nan, kuma da sanina. Ubana ba mai gadi ba ne. Mai gadi hana shiga yake yi."

"Malama, kada zuciya ta ɗebe ki."

"Ka rubuta cewa ruwa ya ci kasuwa, ya ci kabad ɗin da aka kulle bisa doka, bai ci ko ɗaya daga cikin waɗanda aka farke ba. Ka rubuta mutum nawa suka karanta su. In ka rubuta haka, zan sa hannu sau goma."

Malam Abdulwahid ya dubi takardarsa. "Babu gurbin wannan a ciki," ya ce.

"To babu gurbina."

Ya mai da hularsa. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai ƙara magana, sai ya ce Allah Ya sa haka ya fi alheri, ya fita.

A hanyar gida Malam Bunu ya zame hannunsa daga nata, ya riƙa lalube da sanda. Da suka shiga zaure ya ce, "Na ciyar da ke boko don ki ci, ba don ki yi mini ado da shi ba. Girman kanki ya cika mana ciki, ko?" Daga ranar bai sake cewa Uwata ba. In yana son ruwa sai ya ce, a ba ni ruwa.

Bayan wata guda amsa ta zo. An ba Inuwa. Ya zo ya karɓi mabuɗi cikin ladabi, har da durƙusawa, ba shi da laifi. Ya dawo daga kwas da sabon kwaɗo. Littattafan nan talatin da biyu aka soke su daga kayan ofis, aka ce a kawar. Inuwa ya zuba su a buhu ya ajiye a bayan ɗaki, inda masu ƙosai ke zuwa neman takardar naɗi. Haladu ya riga su. Ya ɗauko buhun a ka ya dire a zauren Malam Bunu.

"Ga kayan ɗakinki, amarya," ya ce. Ba ta rama ba, shi ma bai ƙara ba.

Rani ya shigo. Yakaka ta rubuta neman aikin koyarwa, aka ce a jira. Ta rubuta asibiti, ba amsa. Ta rubuta wani ɗakin karatu a wani gari, amsar ta dawo da layi ɗaya, an ga rahoto a kanta. Ta koma rubuta wa matan unguwa wasiƙa da saƙar faifai, ran da aka samu a ci, ran da ba a samu ba a sha kunu. Akwatinta na makaranta ya tafi kasuwa, takardar shaidar ta koma cikin gafaka. In ta bi ta kasuwa takan ji ana cewa, ga wadda ta ƙi albashi. Takan wuce da kai a sama. Sai ta shiga ɗakinta take sauke shi.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne safiya. Uban yakan tashi, ya sa rigarsa ta fita, ya ɗaura rawani, ya zauna a zaure. Sai ta ga hannunsa ya shiga aljihu yana neman mabuɗi. Ya lalaba, ya tsaya, ya fitar da hannun ya ɗora a gwiwa. Kullum. Akwai ranakun da ta ce da ta sani da ta sa hannu. Akwai ranakun da ta ce ko yau aka dawo da takardar ba za ta sa ba. Buhun na lungu, ba wanda ya kwance bakinsa.

Wata ran kasuwa, bayan azahar, aka yi sallama. Wani dogon mutum ne, ƙafafunsa fari fat da busasshiyar laka, yana warin hayaƙin banda. Ya durƙusa ya gai da Malam Bunu.

"Ni ne Ya'u, Malam, na wajen Baturiya. An ce kun je nemana da damina. Na je ɗakin, wani yaro mai agogo ya ce ba a ba da aro sai da takardar mai unguwa, wannan kuma wai ba nasu ba ne." Ya zaro wani naɗin fata daga ƙirjinsa, ya buɗe. Kashi na uku ne. Gefensa ya yi baƙi, amma ko falle bai ɓace ba. "A gafarce ni, na daɗe. Ni karatuna a hankali ne. Sau uku jirgi ya kife da ni, a baki na riƙe shi."

Yakaka ta karɓa. Wata bakwai ke nan da suka je nemansa. Ta dubi shafi na arba'in da ɗaya. Ko da ya zo a kan kari ba abin da zai sauya, ta sani. Duk da haka ta juya baya ta goge ido da bakin mayafi.

Ya'u bai tashi ba. Ya yi gyaran murya. "Malama, mutumin nan na bar shi a bakin wani gari, jirginsa ya tsage. Tun kaka nake tunaninsa. Ko na huɗun yana nan?"

Yana nan, a cikin buhu, a ɗinke da sauran, ɗinkin da ta yi da zazzaɓi a jikinta don aikin da ba ta samu ba. Ta kwance bakin buhun, ta lalubo littafin, ta tsaya da shi a hannu. Ba ofis, ba albashi, ba ko sule da sisin da ake ba mai gadi.

Sai ta ji motsi. Malam Bunu ya sa hannu a aljihu, ba na mabuɗi ba, ɗayan. Ya zaro askarsa, ya miƙa ta wajen da ya ji numfashinta. Wannan karon bai kuskure ba.

"Uwata," ya ce, "kama. Bi zaren a hankali, kada ki ci takarda."